Budurwa Mai Jikoki a Flatbush

Wata tsohuwar Baturiya da nake aikin kula da ita a unguwar Flatbush ta Brooklyn ce ta jefa ni cikin wannan shirme. Duk Laraba nakan tura ta a keken guragu zuwa wani zaure a ƙasan coci, inda ita da 'yan uwanta 'yan fansho suke gwajin wasan barkwanci na waƙe-waƙe, irin na Ingilar ƙarni na sha tara.

Shugabansu tsohon likitan haƙori ne, haifaffen Brooklyn, amma da ya hau dandamali sai ya maƙale murya ya koma ɗan sarautar Landan. Matarsa ya ba matsayin budurwar da matuƙan jirgin ruwa suke hauka a kanta, alhali jikokinta har sun fara zuwa sakandare. In ta ja waƙa, sai ka ce ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba.

Wata rana likitan ya ƙare mini kallo ya ce, "Ke ma shiga cikin 'yan amshi. Za ki ƙawata mana hoto."

Na ce, "Yallaɓai, ban iya waƙar ba."

"Ba komai, motsa baki kawai."

Ran ɗaukar hoton talla aka tsayar da ni sahun gaba, da hular leshi a kan hijabina. Ran wasa kuwa aka cusa ni bayan jirgin ruwan kwali da aka kafa a dandamali.

Na gayyaci maƙwabciyata, 'yar Zangon Kumasi. Sauran 'yan kallo duk dangin 'yan wasa ne. Likitan ya fito cikin kayan hafsan sojan ruwa, ya kama wata waƙa mai gudun tsiya, a tsakiyar hanya waƙar ta ɓace masa. Mai kaɗa fiyano ta yi gaba abinta, shi kuma ya tsaya yana hararar ta. Sannan budurwar ta zo za ta suma a hannun saurayinta. Mutumin mai ciwon baya ne, sai ya kauce. Ta faɗa kan jirgin, jirgin ya kife, ga ni tsaye ina wangale baki ba sauti.

Nan ne kaɗai aka yi dariya da tafi. Da aka tashi, likitan ya bi mutane yana cewa da gangan aka shirya hakan.

A jirgin ƙasa maƙwabciyata ta ce, "Yaya, mu a wajenmu in tsohuwa ta faɗi haka, asibiti ake kai ta, ba tafi ake yi mata ba."

Laraba ta zagayo, na tura tsohuwata har bakin zaure, na samu benci a waje na zauna.