Kwalabe Biyu na Ya Kaltum

Ku da kuka san Ya Kaltum ta unguwar Limanti, yayar mahaifinmu, ba sai na gaya muku ba: ba ta amsa gaisuwa sai ta shinshina mutum. Ka durƙusa kana ina kwana, ita kuwa ta kamo bakin rigarka ta kai hanci, ta lumshe ido. Sai ta gama sannan ta ce "wushe", wato sannu da Barbarci, ta kuma gaya maka inda ka biyo da abin da ka ci. Shekara arba'in ta yi tana haɗa turaren wuta da humra, kuma ta fi yarda da hancinta a kan duk rantsuwar da za ka yi mata.

Ni na fara shan kunyar hancin nan. Ranar da Bukar, maigidana, ya zo gaishe ta yana nemana, ya sha farar shadda, ya yi wanka da turaren kanti, ya ce shi malamin firamare ne. Ta ja hannun rigarsa ta shaƙa sau biyu, ta ce, "Malam, a ajinku da galan ake karatu?" Ashe in an tashi makaranta fetur yake sayarwa a bakin titin Gamboru, ko ni bai gaya wa ba. Ta ce a ba shi ni, tunda mai neman na kansa ne, amma ya daina zuba wannan turaren, maganin sauro ya fi shi mutunci.

Sai maganar kwalabe. Duk 'yar dangin da za a aurar, Ya Kaltum ce ke yi mata turare kyauta, amma kwalbar aro ce. Tsofaffin kwalaben zuma ne fa, wasu sun girme ni. Turare na ƙarewa amarya za ta dawo da kwalba, kuma da hannunta, ba a aike. Wata 'yar ƙanwarta da aka kai unguwar Dala ta yi wata bakwai shiru, Ya Kaltum ta hau keke mai ƙafa uku ta same ta a gaban surukarta, ta juye ragowar turaren a murfin kwano, ta saka kwalbarta a lafaya ta fito. Mu dai rowa muka ɗauke shi. Sai da na kai tawa, ta riƙe ni ta daɗe tana shinshina wuyana, ta ce, "To, kina cin abinci, ba kya kuka," sannan na gane abin da ake dawo da kwalbar a yi.

Yanzu bari in zo kan abin da har yau in na tuna sai na nemi wurin zama.

Aisa 'yar baffana ce, wani ƙanin Ya Kaltum. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, Ya Kaltum ta goya ta, ni da Aisa kuwa a tabarma ɗaya muka tashi. Ta yi karatun jinya, ta samu aiki a Kanada. Shekaru suna tafiya, dangi na ta yi mata mitar aure tana cewa da sauran lokaci. Humrar aurenta kuwa tun tana sakandare Ya Kaltum ta jiƙa ta ajiye a ƙarƙashin gado.

Wata Juma'a bayan la'asar Aisa ta kira ni ta bidiyo, ta ce in kai wa Ya Kaltum wayar. Baba Modu, ƙanin Ya Kaltum, baffanmu ni da Aisa kuma babban gidanmu, yana zaune yana jan carbi. Aisa ta gaishe su, sannan ta ce ta yi aure. Har na kama hanci zan rangaɗa guɗa. Ya Kaltum ta tambayi ango ɗan wane gari ne, sai Aisa ta juya wayar, muka ga wata doguwar mata mai gajeren gashi tana ɗaga mana hannu. Na ce wannan ƙanwar angon ce? Aisa ta ce a'a, ita ce. Sunanta Ana, asibiti ɗaya suke aiki.

Wallahi ji na yi ƙasa ta tsage. Carbin Baba Modu ya faɗi, bakinsa na motsi amma salatin ya ƙi fita. Ya Kaltum kuwa ta karɓe wayar ta kai hanci, don ita ba ta san wata hanyar gane mutum ba. Da ta ji ba komai sai warin roba, ta mayar da ita gaban ido.

"Wa ya ɗaura?"

"A ofishin gwamnati ne, Ya Kaltum. A nan doka ta ba mu dama kamar kowa. In na kwanta ciwo ita za a kira, in na mutu ita za a ba gawata."

"Gwamnati ce waliyyinki?"

Aisa ta sunkuyar da kai.

"To wa ya sa miki lalle?"

"Ba kowa."

Nan Ya Kaltum ta ajiye wayar a kife, ta shige ɗaki. Baba Modu ya samu bakinsa, ya ce daga yau kada ya sake jin sunan yarinyar a gidan nan, kuma duk wanda ya bari maganar ta fita waje ya kuka da kansa, don kowa ya san abin da doka da mutanen gari za su yi. Ni ma ban yi musu ba. Haushi da kunya suka cika ni, na toshe lambarta a ranar.

Kwana bakwai ba a ga hayaƙi a gidan Ya Kaltum ba. Gidan da ko ranar da muka kwana jin harbe-harbe sai da ta saka garwashi a kasko! Maƙwabta har suna leƙowa suna tambaya ko rasuwa aka yi. Ran na takwas da hantsi ta aika in zo. Na tarar ta baje itacen sandal da hawi a tabarma, tana narka sukari, ga humrar ƙarƙashin gado an fito da ita. A gefe kwalabe biyu a wanke.

Na ce, "Ya Kaltum, kin yarda ke nan?"

Ta harare ni. "Yarda? Ko a kabari ban yarda ba. Wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, kuma kullum sai na kai masa ƙararta. Amma a bayana ta yi fitsari. 'Yar da na goya ba za ta zauna a ɗaki tana warin asibiti ba."

Na ce to me ya kawo biyu?

"Ke kin ga ango a wayar? Ni mata biyu na gani. In ba ɗaya in hana ɗaya, a ce mutanen Borno marowata ne?"

Na rasa dariya zan yi ko salati, sai na yi duka biyun. Ta sa na buɗe lambar Aisa na rubuta mata saƙo ɗaya tak: kwalaben aro ne, kuma da hannunta.

Ba a yi sati ba labari ya kai kunnen Baba Modu cewa an aika kaya. Ya shigo yana huci, yana cewa ana taya ɓarna a gidan ubansa. Ya Kaltum ta bar shi ya kai aya, ta kamo bakin babbar rigarsa ta shaƙa. Ta ce, "Modu, ka koma shan sigari. In gaya wa masu binka salla ne, ko ka fita?" Ya fita, har ya bar takalmi ɗaya.

Shekara biyu gurbin kwalaben nan na nan a kanta, ba mai taɓa wurin. Ba ta taɓa kiran Aisa ba, in Aisa ta kira ba ta karɓa, sai dai ta ce in tambaye ta ko turaren nasu ba ya ƙarewa ne. Aisa kuwa tsoro ya hana ta zuwa, kuma ban ga laifinta ba. Da ciwo ya kwantar da Ya Kaltum, kullum sai ta tambaye ni kwalabenta. Ran nan tausayi ya sa na ce suna hanya. Ta ja gefen lafayata ta shaƙa, ta ce, "Ƙarya kike, Bintu, gumi kike yi." Kwana huɗu bayan nan ta cika.

Ranar sadakar uku Aisa ta shigo, ita kaɗai, ta rame. Tsakar gida cike da mata, duk suka bi ta da ido. Ba ta kalli kowa ba, ta wuce ɗakin ta ciro kwalabe biyu daga jaka, ta mayar da su gurbinsu. Sai ta durƙusa a gaban gadon da ba kowa, ta sunkuyar da kai tana jira, kamar yadda muka saba tun muna yara.

Har yau ban san yadda zan ajiye abin da Aisa ta yi a zuciyata ba, kuma ban yi mata ƙaryar na sani ba. Amma ba zan iya barinta a durƙushe haka ba. Na matsa na kamo gefen lafayarta na kai hanci. Humrar Ya Kaltum ce, ta ƙarƙashin gado. Na ce mata, "Wushe."

Allah ya jiƙan Ya Kaltum, ya yafe mata, ya sa ta tarar da ƙamshin da ya fi nata. Mu da ta bari, ya shirye mu baki ɗaya, ya kuma hana mu yar da juna.