Rajko Kolenc, Mutumin Da Ya Sauƙaƙa Mana Ɗaga Gado

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, ina tsaye a kicin ina jiran ruwan kofi ya tafasa, sai waya ta yi ƙara. Vida ce, matarka. Ba ta gaishe ni ba, ba ta kuma yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Cvetka, tsohon nan ya tafi." Haka na samu labarin rasuwarka, Rajko Kolenc, maƙwabcina na shekara ashirin da shida a sansanin hutu na bakin teku kusa da Savudrija. Ka cika a garinmu Celje kana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar ciwon huhu ta kusan shekara guda. Wanda ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa, mu ma muna nan tafe.

Abokan aikinka za su faɗi irin makanikin da ka zama a shekaru talatin da takwas da ka yi a garejin motocin bas. 'Ya'yanka za su faɗi irin uban da ka kasance. Ni tsohuwar malamar firamare ce, ban san komai game da injin bas ba. Abin da na sani shi ne abin da ka yi mini da hannunka, kuma shi zan rubuta, domin ina alfahari da cewa a ɗakina abin ya fara.

Ni da marigayi mijina Lojze mun sayi 'yar tirelarmu ta kwana tun Darja, 'yarmu, tana makarantar sakandare. Bayan mun yi ritaya, duk watan Mayu muke jan ta da mota zuwa bakin teku, mu kafa ta a layi na huɗu, tsakanin taku da famfon wanke kwanuka, ba ma komawa gida sai sanyi ya fara shigowa. Kamar kowace tirela, rabin dukiyar ɗakin a ƙarƙashin gado take: barguna, manyan tukwane, kujerun naɗewa, kwalaben man zaitun. Murfin ma'ajiyar kuwa shi ne falankin gadon kansa, da katifa a kai. Lojze da kafaɗa yake ɗaga shi, ya tokare da guntun sandar tsintsiya, ni kuma in zura kai in ɗauko abin da nake so. Bayan rasuwarsa na ci gaba da yin hakan ni kaɗai, ban taɓa gaya wa kowa yadda bayana yake yi ba.

Shekara shida ke nan, wata ranar Laraba a watan Yuli, na ɗaga gadon zan ɗauko tukunyar miya. Sandar ta goce. Falanki da katifa suka sauko a kan hannuna na dama. Kai ne ka ji ihuna. Ka shigo da gajeren wandon wanka, jikinka na ɗigar ruwa, ka ɗaga gadon da hannu ɗaya, ka ce, "Malama, kada ki motsa yatsun." A motarka ka kai ni asibiti, Vida na riƙe da ni a baya. Wuyan hannun ya karye wuri biyu.

Washegari Darja ta iso daga Ljubljana. Ta dubi hannuna a ɗaure, ta dubi guntuwar sandar, fuskarta ta canza.

"Mama, ya isa haka," in ji ta. "Shekararki saba'in da ɗaya. Da kanki ne a ƙarƙashin wannan katakon fa? Da yanzu me nake yi? Na samu wani mutum daga Kranj, ranar Lahadi zai zo ya ga tirelar."

Ban iya yi mata musu ba, domin gaskiya ta faɗa, kuma tsoro ne ya sa ta faɗa. Amma ni na san abin da sayar da tirelar nan yake nufi. Yana nufin zama a gidana na bene, hawa na uku, a Celje, da talabijin, da taga mai kallon wurin ajiye motoci, daga Janairu har Disamba. Duk mutanen da suka san Lojze, suke kuma iya ba ni dariya, a layi na huɗu suke.

Kana zaune a bakin ƙofarka kana gyaran ƙugiyar kamun kifi, kana jin komai. Ka taso a hankali, ka ce, "Darja, 'yata, tsakani da Allah, tekun ne ya karya mata hannu ko gadon?"

"Gadon ne, Baba Rajko."

"To, me ya sa za a raba ta da tekun? Ba ni zuwa Lahadi. In uwarki ba ta ɗaga gadon nan da hannun hagu ba, ni da kaina zan ja tirelar in kai wa mutumin Kranj har ƙofar gida."

Dabarar da ka zo da ita, a yau kowa ya san ta, amma a lokacin babu wanda ya taɓa tunaninta a layinmu. Ka ce murfin but ɗin mota ma nauyi ne da shi, amma da yatsa biyu ake ɗaga shi ya tsaya da kansa, saboda 'yan shokar nan biyu masu iskar gas da ke tokare shi. Me zai hana gado ya samu nasa? Ranar Juma'a ka tafi wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, ka dawo da shoka biyu da aka cire daga ƙofar bayan wata motar kaya. Ka wuni a durƙushe, rabin jikinka a cikin ma'ajiyar, Vida na miƙa maka sukudireba tana mita cewa ko kujerar gidanku da ta karye tun bara ba ka duba ba.

Ba zan ɓoye abin da ya faru da yammacin nan ba, domin kai ma ba ka taɓa ɓoye shi ba. Mutanen layi suka taru a ƙofa, Darja na gaba ta harɗe hannu. Ka taɓa gadon kaɗan. Sai ya yi tsalle kamar an harba shi, matashin kai ya fita ta taga, sukurori suka tsinke daga falankin, katifa ta kife a kanka. Daga ƙarƙashin katifar muka ji muryarka: "To, ɗagawa dai ya ɗagu." Har Darja sai da ta yi dariya, amma da ta gama ta ce, "Baba Rajko, wannan ai ya fi na da haɗari." Ka ce, "Gaskiyarki. Da ka na yi aikin, ban auna ba. Laifina ne."

Wannan kalmar ta tsaya mini a rai. Mutumin da ya yi kusan shekara arba'in yana koya wa wasu aiki, ya tsaya a gaban jama'a ya ce laifinsa ne, bai ɗora wa falanki ba, bai ɗora wa mai sayar da kaya ba.

Ranar Asabar da sassafe ka dawo da sikelin da kake auna kifi da shi. Ka maƙala shi a bakin gadon, ka ja, ka rubuta nauyin a bayan kwalin taliya: kilo sha tara, har da katifa da bargo. Ka koma ka canzo shoka masu ƙaramin ƙarfi, na wata 'yar ƙaramar mota. Ka yanko katako mai kauri ka manna a cikin falankin domin sukurori su samu abin kamawa. Sau uku kana matsar da mazaunin shokar, kusa da hinjin da falankin ke buɗewa a kai, nesa da shi, har ka samu inda gadon zai tashi a hankali ya kuma kwanta ba tare da an danne shi ba. Ka nuna mini cewa siririn ƙarfen shokar shi ke kallon ƙasa, domin man da ke ciki ya riƙa jiƙa robar. Na ce maka ni ba makanike ba ce. Ka ce, "Malama, ke kika koya wa rabin Celje lissafi. Wannan ma lissafi ne, sai dai yana da maiƙo."

Ranar Lahadi mutumin Kranj ya iso da ƙarfe goma, yana zagaya tirelar yana ƙwanƙwasa bango. Darja ta ce in gwada. Na sa yatsun hannun hagu a ƙarƙashin falankin. Gadon ya tashi shiru, ya tsaya. Darja ta girgiza shi, ta bubbuga, ta rataya jakarta a kai. Bai motsa ba. Ta daɗe tana kallon shi, sannan ta fita ta ba mutumin haƙuri, ta cika masa leda da ɓaure saboda wahalar hanya. Da ta dawo sai ta rungume ka. Kai kuma kunya ta kama ka, ka ce wai ka bar wani abu a kan wuta.

Damina shida na ƙara yi a bakin teku saboda aikin nan na kwana biyu. A cikinsu jikata ta koyi iyo a gabana.

Labari ya bazu. Kafin ƙarshen watan Agusta ka gyara gado tara a layinmu. A shekarar da ta biyo baya mutanen layi na bakwai da na takwas suka fara zuwa da sassafe suna tsayawa a ƙofarka kamar masu jiran likita. Vida ta ƙirga, tirela arba'in da ɗaya ka yi wa wannan aikin, yawancinsu na tsofaffi ne da zawarawa irina. Ba ka karɓar komai sai kofi, shi ma sai ka kushe shi. Sharaɗinka ɗaya ne: mai gado ya tsaya ya ga yadda ake yi, ya riƙe sikeli da hannunsa.

Akwai Injiniya Stane, wanda ya yi ritaya daga wata masana'anta a Maribor, mutum mai faɗin rai da son gardama. Shekara huɗu yana yi maka ba'a. In ya gan ka da shoka a hannu sai ya ɗaga murya: "Ga likitan gadaje! Rajko, yaushe za ka sa wa tukunyar Vida shoka?" Kai kuma ka ce, "Ranar da aka samu wadda za ta iya rufe bakinka, Injiniya." Ya rantse shi namiji ne, da ƙarfinsa zai ɗaga gadonsa har ya mutu. Sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ya dawo sansani da sanda, hannun hagu ba ya aiki, girman kai kuma bai bar shi ya roƙe ka ba. Ka jira ranar da ɗansa ya kai shi gashin ƙashi, ka karɓi makulli a wurin matarsa, ka yi aikin, ka share ƙurar katako, ka fita. Ba ka taɓa ta da maganar ba. Bayan kwana biyu ya zo ya zauna kusa da kai, ya daɗe yana kallon teku, sannan ya ce, "Shokar hagun ta ɗan karkace." Ka ce, "Idonka ne ya karkace." Daga ranar kullum tare kuke shan kofi.

Daminar bara ka zo da bututun iska a hanci, ba ka iya durƙusawa. Wasu mata biyu 'yan'uwan juna daga Ptuj suka zo neman taimako, ba su san halin da kake ciki ba. Na ɗauka za ka ba su haƙuri. Sai ka sa aka ɗaukar maka kujera zuwa ƙofar tirelarsu, ka zauna, ka ce ni da Vida mu shiga. Mu biyu, shekarunmu a haɗe sun haura ɗari da hamsin, muka auna, muka huda, muka ɗaura, kana daga waje kana ba da umarni tsakanin tari da tari. "Vida, ba miya kike juyawa ba, a hankali!" Da gadon ya tashi ya tsaya, ka leƙa, ka duba sukurori ɗaya bayan ɗaya, ka ce, "Ba laifi." A bakinka wannan babban yabo ne. Ban taɓa jin daɗin wata takardar shaida kamar yadda na ji daɗin kalmomin nan biyu ba.

Ranar Juma'a muka binne ka. Ana zuba ruwan sama mai sanyi, amma cocin ya cika har waje. Mutanen da ban taɓa gani da kwat ba, sai da gajeren wando da silifa, suka zo daga Maribor, daga Ptuj, daga Zagreb. Injiniya Stane ya ƙi zama, ya tsaya a kan sandarsa tun daga farkon addu'a har ƙarshe.

Bayan an watse, Vida ta ja ni gefe ta buɗe jakarta. Ta nuna mini wata takarda da ta samu a aljihun rigar aikinka: sunayen mutum uku da ka yi wa alkawari, da nauyin gadon kowannensu. Na tambaye ta ko za ta sayar da tirelarku. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Ki shirya gwiwoyinki, Malama. Watan Mayu muna da aiki."

Allah Ya jiƙanka, Rajko. Ya yafe maka kurakuranka, Ya karɓe ka da rahama, Ya ba ka hutun da ba ka yarda ka ba kanka ba a duniya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Vida, abokiyar zamanka ta shekara hamsin da uku, da 'ya'yanku Gregor da Mojca, da jikokinku biyar, da dukan mutanen layi na huɗu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa mu ma a tuna da mu da alheri idan tamu ta zo. Amin.