Ranar da Aka Ce Zuciyata Ta Bushe

Ko zan manta da komai a duniya, ba na jin zan manta da abin da ya same ni a shekarar da Baba ya rasu, da kuma ɗan littafin da ya shigo hannuna bayan haka.

Shekarar ta zo mana da wuya a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, taki kuma ya yi tsadar da sai dai mutum ya kalle shi a kasuwa ya wuce. Baba ya kwanta ciwo tun tsakiyar damina, kafin a girbe ɗan abin da gona ta bayar Allah ya karɓi abinsa. Ni ce babba a gidanmu, lokacin ina koyarwa a firamaren garin, ban yi aure ba.

Da aka fita da shi, gida ya rikice da kuka. Ƙannena suna ta birgima, Inna ta kifa kai a gwiwa. Ni kuwa ko ɗigon hawaye babu. Ina jin ƙirjina kamar an ɗora masa dutsen niƙa, amma idona ya ƙi kawo ruwa. Sai na tashi na hura wuta, na jiƙa ragowar dawar da muke da ita don a dama wa masu gaisuwa kunu. Haka na yi ta kaiwa da komowa har ranar sadakar uku.

A ranar ce gwaggona, yayar Baba, ta bi ni da kallo ina ɗauke da ƙwarya, tsakar gida cike da mata, ta ce, "Ku dubi wannan. Mutumin da ya hana kansa ya kai ta makaranta, ko ƙwalla ba ta yi masa ba. Ke dai zuciyarki ta bushe, wallahi."

Na waiga wajen Inna ko za ta ce wani abu, ba ta ɗago ba.

Abin takaicin shi ne na yarda da maganar. Na riƙa tambayar kaina ko dama can ba na son Baba. Na daina zuwa gidan rasuwa don kada a sake zuba min ido. Har rubutu na sa aka yi min na sha, wai ko zuciyar za ta yi laushi. Abinci dama ba shi da yawa a gidan, ɗan wanda ake samu ma ya daina shiga min. Ni da Inna muna ɗaki ɗaya, amma daga gaisuwa sai "an gama tuwo".

Wata malama abokiyar aikina ce ta ga yadda na rame. Ba ta tambaye ni komai ba, sai ta ciro wani littafi mai yagaggen bango daga jakarta, ta ce, "Malama, duba wannan, a Kano na saye shi. Ni dai na ga kaina a ciki, har kunya ta kama ni."

A gindin darbejiyar makaranta na buɗe shi, yara sun fita hutun ƙarfe tara. Bayani ne a kan halittar mutane. Akwai mai zafin rai, akwai mai fara'a da son jama'a, akwai mai sanyin hali. Ina karantawa ina tuno mutanen garinmu, har na iso kan mai zurfin ciki. Littafin ya nuna irin wannan mutum baƙin ciki ba ya fito masa ta ido, ciki yake komawa, sai ya ɓoye a cikin aiki ko ya zama ciwo. Ya kuma yi gargaɗin cewa shirunsa yakan cutar da na kusa da shi, don ba su da hanyar sanin abin da ke ransa. Na maimaita wurin har aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba.

Da la'asar na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa. Na zauna kusa da ita, na ce, "Inna, in karanta miki wani abu?" Ta ce, "Ina jin ki." Na karanta, tana ɓara, can sai na ga hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Ashe kina jin mutuwar nan?"

Na ce, "Inna, ke ma?"

Ta ce, "Allah ya yafe min, ni ma na zaci ba ki damu ba. Na rasa miji, na ga kamar 'yar ma na rasa ta." Sannan ta ce, "Ga shi kuma haka ubanki yake. Ranar da aka binne mahaifiyarsa, daga maƙabarta gona ya wuce da fartanya. Na yi fushi da shi a lokacin. Yaya aka yi na manta?"

Ta yi kuka sosai. Ni na riƙe hannunta kawai, na ce mata kullum na wuce ƙofar ɗakin Baba sai na kawar da kai, don ba na iya kallonta. Wannan ne karo na farko da na faɗa wa wani.

Ba mu daɗe muna morar wannan fahimta ba. Damina ta gaba ba ta kai ƙarshe ba Inna ta bi Baba. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah ba ta sauya ra'ayinta a kaina ba, ko da na yi mata bayani, sai ta ce boko ne ya ba ni bakin kare kai.

Abin da na koya shi ne, sanin halinka yakan sauke maka laifin da ba naka ba, amma bai isa ka tsaya nan ba. In kai mai shiru ne, ka buɗe baki ka gaya wa naka abin da ke ranka tun suna raye, don ba kowa ke iya karanta shiru ba, ko da uwar da ta haife ka ce.