Kawu Wa-ya-ce

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kawu Haruna lokacin da saƙo ya shigo wayarsa ya san abin da ke biyo baya. Ba ya dubawa nan take. Sai ya laluba aljihun gaba ya ciro tabarau, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya ɗora a karan hanci, sannan ya zaro jan bik, biron da yake gyara da shi, daga bayan kunne, kamar wayar ɗan aji ce ta kawo masa aikin gida. In ya gama karantawa sai ya ɗago kai ya dubi wanda ke kusa, ko da akuya ce, ya ce, "Wa ya ce? Ina ya gani?"

Ku Mushe Haruna kuke ce masa, yadda muke kiran malamin boko a nan, don da yawanku ya koyar da ku a makarantar lakwal, ko a Safo, ko a Sarkin Yamma, ko nan Madarumfa inda ya aje aiki. Ni kuwa Kawu nake ce masa. Wan mahaifiyata ne, kuma a gidansa na tashi, shi ya sa na ga abin da ba ku gani ba.

Ɗansa Sani ne ya aiko masa da babbar wayar daga Yamai. Wata biyu tana cikin kwalinta, ya ce ƙaramar salularsa ta ishe shi. Ranar da na nuna masa yadda 'yan uwa ke rubutu a gurup ɗin dangi, ba aya ba waƙafi, sai ya yi ta kallo kamar wanda aka yi wa rasuwa. Can ya ce, "Hadiza, ɗauko mini kwalin nan. Mutanen nan suna bukatata."

Kun tuna lokacin da aka yi yayin wasan tambayoyin nan, wanda za ka amsa guda goma waya ta gaya maka wace dabba ce kai? Mu minti ɗaya muke gamawa. Kawu tun bayan la'asar ya zauna a kan tabarma da shi, har inuwar darbejiya ta bar shi bai kai rabi ba.

"Wai ina son zama cikin jama'a ko ni kaɗai? Wace jama'a? Ai akwai jama'a, akwai jama'a. Ina wurin da zan yi bayani?"

"Kawu, dannawa kawai ake yi."

"Jarrabawar da ba wurin bayani! Allah Ya kyauta."

Da ƙyar ya gama. Wayar ta ɗan yi juyi, sai ga hoton jaki ya cika fuskarta, har da haƙora a waje. Wallahi na kusa shiɗewa don danne dariya. Ya ce an yi kuskure wajen gyara, ya sake daga farko. Jaki. Ya canza amsoshi gaba ɗaya. Jaki dai! Sai ya ce abin lalatacce ne, kowa jaki yake ba shi, kuma zai tabbatar mini. Ya ƙwala wa matarsa Inna Rabi kira. Tana tankaɗe a ƙofar madafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, yana karanto mata tana amsawa. Wayar ta yi juyi, sai ga zaki.

Inna ta kaɗe rariya ta ce, "Mushe, shekara arba'in ina hwaɗa maka, sai da waya ta hwaɗa za ka yarda?"

Washegari ya cika gurup da dogon rubutu na kare mutuncin jaki. Wa ke kwaso gero daga gona? Wa ke jan amalanke ya kai mai naƙuda likita in hanya ta ɓaci? Ya rufe da cewa, "Zaki kuwa, wanda ya taɓa ganin ya kai ko dami ɗaya gida, ya ɗaga hannu." Rubutun ya fita daga gurup, masu amalanke suka yi ta sa ana karanta musu a tasha. Daga nan ne ya sa na buɗe masa shafi nasa na kansa, inda yake zuba ra'ayinsa kowace safiya bayan ya dawo daga garka.

A shafin ne ya yi maganin saƙon nan mai cewa ka tura wa mutum goma, in ka ƙi masifa za ta same ka cikin kwana bakwai. Kawu ya rubuta cewa ya ƙi, kuma zai riƙa ba da rahoto kullum. Kwana na ɗaya, lafiya lau. Na biyu, lafiya lau. Na uku akuyar maƙwabci ta tsallaka shinge ta cinye masa salatin fangali biyu. Mutane suka yi caa a ƙarƙashin rubutun, wai ka gani, ka gani! Ya amsa musu, "Na bincika. Akuyar ba ta da waya. Shingen ne ya tsufa." A kwana na bakwai ya rubuta, "Ina nan. Na sha fura. Na gode wa waɗanda suka jira."

To, yanzu ga abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Hoton nan nasa da ya zagaya duniya, wanda ya zuro tabarau a hanci, ya ɗaga yatsa, baki a buɗe, ni na ɗauka. A wajen sunan ɗan Sani ne, yana gardama da wani a kan ko ruwan tabkin garinmu ya fi na bara. Na rubuta kalmar nan tasa ta "Wa ya ce" a ƙasan hoton na tura wa ƙawayena uku, su uku rak. Kafin sati hoton ya kai Maraɗi, ya tsallaka Katsina. Duk wanda ya shara ƙarya a wani gurup, sai a manna masa fuskar Kawu. Ni kuwa na shiga fargabar ranar da zai gani, don mutumin nan shi ya riƙe ni, kuma mutum ne mai son girmansa.

Ranar da abin ya iso gare shi, a kasuwa ne. Wata mai tattasai da ta zo daga ƙetaren iyaka ta ƙura masa ido, ta tafa hannu ta ce, "La ilaha! Baba, ba kai ne Wa-ya-ce ba?" Ta nuna masa a wayarta. Ya dawo gida ko sallama bai ƙarasa ba, ya zauna, ya yi ta kallon hoton. Na kawo masa ruwa. Ya ce duk wanda ya yi wannan abu sai ya gano shi, ko a ina yake. Na durƙusa na fashe da kuka na ce, "Kawu, ni ce. Ka yafe mini, ban yi don in wulaƙanta ka ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ce? Ke da na koya wa rubutu da hannuna?"

"Ni ce, Kawu."

Ya juyo mini da wayar, ya ɗora bakin jan bik a kan rubutun. Ashe a haɗe na rubuta: *Wayace*.

"Karanta mini. Waya ce! Ni waya ce? Kalma uku kin cure su wuri ɗaya, kuma ina alamar tambaya? Yanzu har Katsina an san ɗiyar Mushe Haruna ba ta iya raba kalma ba!"

Na ce, "To hoton fa?"

"Hoton ba laifi. Hular ta zauna."

A gabansa na sake yin sabo, da kalma uku da alamar tambaya, shi da kansa ya sa a shafinsa, ya roƙi jama'a su goge tsohon.

Mun yi dariya da fuskar nan, amma akwai ranar da ta ciyar da gidaje. Wata safiya aka tashi da hoton matattun kifaye birjik a bakin ruwa, da muryar wani yana rantsuwa an zuba guba a tabkinmu. Kwana biyu ba wanda ya taɓa kifi. Masu sari daga Maraɗi suka juya da baburansu ba kaya, masunta suka zauna a kan jiragensu suna kallon ruwa. Ta-Sallah mai suyar kifi, wadda da kaskon nan take riƙe da marayu huɗu, ta shigo gidanmu da tire cike, tana share hawaye da gefen mayafi.

"Mushe, kai ka yi boko. Ka duba muna, da gaske mun kashe mutane?"

Kawu ya buɗa hoton da yatsu biyu yadda na koya masa, ya daɗe yana dubawa. "Ta-Sallah, yaushe aka kawo mana dutse mai tsawon nan a bayan tabki ban ji ba? Ga kuma jirgin ruwa mai bene. Wannan ba ruwanmu ba ne."

Ya rubuta bayani mai kyau, sakin layi shida. Ba wanda ya karanta. Na ce masa, "Kawu, mutane ba sa karanta dogon rubutu, gani suke so." Ku da kuka san shi kun san Kawu ba ya cin kifi. Tun yana yaro ƙaya ta taɓa maƙale masa a wuya, ya yi shekara sittin a bakin tabki ko romonsa bai kurɓa ba. Can ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Ɗauko wayarki."

Da hantsi muka isa bakin ruwa. Ya sa masunci ya ciro kifi a idon kowa, Ta-Sallah ta soya nan take, ya zauna a kan turmi ina ɗauka. Ya faɗi sunansa, ya nuna tabki, ya ce ku duba da kyau ko akwai dutse. Ya yi bisimilla ya kai loma. Wayyo, fuskar nan! Kamar mai haɗiyar maɗaci. Ya cinye ɗaya tas, ya ɗauki na biyu, ya kalli waya ya ce, "In na mutu kafin gobe, ku tura wa mutum goma."

Ina kashewa ya ce, "Hadiza, ruwa! Ruwa, don Allah!"

Da yake fuskarsa sananniya ce, kafin azahar bidiyon ya kai inda ƙaryar ta kai. Ranar kasuwa Ta-Sallah ta sayar da komai tun rana ba ta take ba. Don godiya, sai ta ɗauki al'adar aiko masa da soyayyen kifi duk Juma'a. Ba ya iya mayarwa, ba ya iya ci. Ya kan buɗe kwanon ya yi tagumi ya ce, "Na yi yaƙi da ƙarya, ga ladan da na samu." Inna kuwa sai ta jawo kwanon gabanta, ta ce kada a yi wa baiwar Allah asara.

Da damina ciwo ya kwantar da shi, bai kuma daɗe ba. Bayan an watse daga zaman makoki, Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wayar, ta ce ya bar wasiyya in nuna mata wani abu a ciki. Na duba. Ashe tun da ya ji jikinsa ya fara sanyi, in ya je garka sai ya zauna ya naɗi muryarsa, gajeru-gajeru, ya jera su da lamba, don Inna ba ta karatun boko amma ta san lambobi. A wani yana gaya mata inda ya aje irin albasa. A wani yana tuna mata maganin hawan jininta, bayan kari ba kafin ba. Na danna na ƙarshe. Ana jin kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa a bayansa, ya yi gyaran murya ya ce, "Rabi, ni ne. Ba wani abu. Na ce dai ko kin karya."

Inna ta yi murmushi, hawaye na bin kumatunta, ta ce wa wayar, "Na karya, Mushe." Sannan ta ce in koya mata wurin dannawa. Na koya mata, ta kuwa iya tun a karo na biyu.

Allah Ya jiƙan Kawu Haruna, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koyar ya zame masa haske. Allah Ya ba Inna haƙuri da tsawon rai cikin lafiya, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.