Garwashin Gungu

Ban taɓa ganin kakata Inna Kulu ta ƙyasta ashana ba. Bayan magariba a gidanmu na Yauri, sai ta tone tokar murhu da ɗan kara, jan garwashi ya buɗe ido, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi yana ƙamshin busasshen kifi.

"Ku matso, labarin yau babu gizo a ciki," in ji ta. "Ke mai surutu, rufe bakin nan kada sauro ya shige."

A wani ɗan gungu aka haife ta, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Can ba a barin wuta ta mutu. In ta gidanka ta mutu, sai ka ɗauki kasko ka je maƙwabta ɗiba, kuma wanda ya ɗebi wutarka, gaba ta ƙare tsakaninku. Mahaifiyarta kuwa ta daɗe ba ta magana da maƙwabciyarta Tani, saboda akuya da ta cinye irin albasa.

Da aka gina madatsa, ruwa ya fara cin gonaki, aka ce kowa ya koma tudu. Kowace mata ta shiga kwalekwale da garwashinta a tukunya. Suna tsakiyar kogi sama ta kece da ruwa. Wutar tukwane ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mata suna salati. Mahaifiyar Inna ta duƙa a kan tata, ta rungume ta har gaɓa.

"Tabon ƙunar yana ƙirjinta har ta rasu," in ji Inna. "Da yamma duk gungu ya yi layi da kasko a ƙofarmu. Tani ce ta ƙarshe, tana ta kallon ƙasa. Uwata ta ce, 'Miƙo, uwar akuya.' Suka fashe da dariya, sai kuka."

Sai ta nuna murhu. "Jikar waccan wutar ce wannan."

A lokacin jarumtar nake gani. Sai da na zo karatu Doha na fara tunanin Tani, da nauyin kaskon da ta ɗauko.

A gidan da muke haya a unguwar Al Thumama murhun lantarki ne, ba shi da toka. Ni da Hajara, 'yar zangon Kumasi da ke ɗakin kusa, mun kwana biyu muna wuce juna babu gaisuwa, ita kaɗai ce kuma nake yin Hausa da ita. Ran Juma'a na ji ƙamshin turaren wutarta. Na ɗauki kaskona na turare, na ƙwanƙwasa ƙofarta.

"Na zo ɗibar wuta."

"Ba ki da ashana ne?"

"Ina da ita."

Ta dubi kaskon da ke hannuna. Sannan ta matsa daga bakin ƙofa.

"Yalla, shigo. Kin rame, kina cin abinci kuwa?"

Ruwa ya rufe gungun Inna tun kafin a haife ni. Amma ran nan da na fito da garwashin Hajara, na riƙe kaskon da hannu biyu, ina tafiya a hankali, kamar mai tsallaka kogi.