Rim Huɗu a Shagon Malam Kallamu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Yuli, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Kallamu mai faci na Trans-Amadi, Fatakwal, bayan jinyar kwana huɗu. Yau kwana bakwai ke nan, sai yau na iya ɗaukar biro, domin kunya ce ta riƙe mini hannu.

Malam, shekara ashirin da ɗoriya kana zaune kusa da mayanka, da injin iskarka da bahon ruwan da kake neman huji a ciki. Mahauta da direbobin shanu da 'yan okada, babu wanda bai san inuwar shagonka ba. Idan aka yi rasuwa a cikinmu, kai ne farkon zuwa. Kai ke yanka likkafani, kai ke nemo motar da za ta kai mamaci.

Motar kuwa tawa ce. Ranar da na sayi jif ɗina, kai ka zaɓa mini rim, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, mai inci sha bakwai da taya mai kauri. Ka ce hanyar maƙabartarmu rami ce da laka, sai taya mai tsoka. Gawa goma sha ɗaya muka kai da ita, ina riƙe da sitiyari, kana baya riƙe da makara.

Bara na ga manyan Fatakwal suna yawo da rim mai inci ashirin da biyu, yana ƙyalli, tayarsa siririya kamar bel. Raina ya biya. Na sayo, na kawo maka ka ɗaura. Ka latsa tayar da babban yatsa, ka ce, "Alhaji Muntaka, wannan na zuwa biki ne. In aka yi rasuwa da damina fa?" Na yi dariya a gaban jama'a, na ce, "Malam, ni ba motar asibiti na saya ba. Ɗaura kawai, tsofaffin kuma ka zubar." Ka ɗaura. Bayan nan sau biyu ka kira ni a kan gawa, sau biyu na ce mota tana gareji. Tana ƙofar gidana a lulluɓe, kuma ka sani. Duk da haka ko sau ɗaya ba ka fasa gaishe ni da fara'a ba.

Ranar da ka rasu na zo da ita, na rantse babu mai kai ka sai ni. Tun asuba ake ruwa. Mun bar kwalta kaɗan, ƙafar gaba ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Taya ta fashe, rim ya lanƙwashe, mota ta kafe. Mahauta suka ciro ka, suka saɓa ka a kafaɗa, suka kutsa cikin laka har gwiwa. Na bi bayansu, na kasa miƙa hannu in kama makarar. Wallahi da wani ya zage ni da na ji sauƙi.

Ranar uku, maiɗakinka Hajiya Hajo ta aika a kira ni. Ta miƙo makullin shago daga bayan labule, ta ce, "Alhaji, ya ce akwai ajiyarka." A kusurwa, ƙarƙashin tamfol, na tarar da tsofaffin rim ɗina huɗu da tayoyinsu, an goge su tas, an rubuta sunana da alli. Na latsa, iska cike. Hajiya ta ce duk Juma'a kake duba su.

Jiya na mayar da su jikin motar. Jama'ar Fatakwal su shaida: duk wanda aka yi wa rasuwa, rani ko damina, mota tana nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hajo, da 'ya'yanka Imrana da Ma'u, da duk 'yan mayanka. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya gafarta wa Malam Kallamu, Ya yalwata kabarinsa, Ya sauƙaƙa masa hanya kamar yadda ya sauƙaƙa wa mamatanmu. Ni kuma ka yafe mini, Malam. Shekara guda kana ba tayoyin nan iska saboda ranar wani, ranarka ta zo ni na hana su kai ka.