Jirgin da Na Saya Don Surukina

Ni mutumin Gwammaja ne a cikin Kano, kuma ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga kafin na cika shekara arba'in shi ne kududdufin bayan gidanmu, ranar da ƙwallo ta faɗa ciki. Duk da haka akwai shekarar da na mallaki jirgin gasar kamun kifi a birnin Greensboro na Amurka, mai inji biyu da kujera mai juyawa. Surukina ne sanadi.

Baba masunci ne daga wani ƙauye a bakin kogin Kwara, kusa da Yawuri. Matata ta kawo shi Amurka saboda ciwon zuciya, aka yi masa aiki ya warke, likitoci suka ce a riƙa kawo shi awo. Ita kuwa ta ƙudurta a ranta ba zai koma ba, don mahaifiyarta ta rasu, 'yan'uwanta sun watse birane, babu mai tuna masa magani a can. Shi bai ce zai tafi ba, bai ce zai zauna ba. Kujera ya ja ya ajiye a bakin tagar ɗan gidanmu na unguwar Glenwood, yana kallon ɗaliban jami'a suna wucewa a kan kekuna tun safe har la'asar. Tuwonsa ya koma loma uku. Wata rana na same shi a kicin ya buɗe famfo ya tara hannu, ba alwala yake yi ba, kallon ruwan kawai yake. Abin ya tsaya mini a rai.

Amma ba ni da bakin tambayarsa, domin tsakanina da Baba akwai kunyar surukuta, irin ta dā wadda ba a rage mata komai. Da safe in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ba na cin abinci a gabansa. In yana da magana da ni sai ya gaya wa 'yarsa, ko da ina tsaye a gefenta, ita ta juyo ta maimaita mini abin da na riga na ji. A gida mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Wata takwas muka yi muna kauce wa juna.

A siton da nake aiki akwai wani Bature da kowace Asabar yake zuwa gasar kamun kifi a manyan tafkunan jihar, ranar Litinin kuma ya ishe mu da hotuna. Ya ce mutum biyu ake shiga a kowane jirgi. Na ce a raina, abin nema ya samu. Da na gaya wa matata, sai da ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, kai da ko a baho ba ka yarda ruwa ya kai maka wuya ba?"

Na ce ai Baba ne zai yi kamun, ni direba ne kawai. Ta leƙa falo ta ga ƙeyar mahaifinta a bakin taga, ta ce, "In dai zai sa ya zauna, saya."

Sabon jirgi ba sa'an mai aikin sito ba ne, don haka na shiga neman na hannu. Na samu wani a garin McLeansville kusa da mu, na alminiyam, na wani tsohon Bature da gwiwoyinsa suka hana shi fita. Na so in gama ciniki ta waya, amma da labari ya kai kunnen Baba sai ya ce wa 'yarsa, "Ki gaya wa maigidanki ba a cinikin biri a sama." Wannan ce jimla mafi tsawo da ya yi a watan nan. Ranar Asabar ya riga kowa shiga mota, da hularsa da babbar riga.

Mun samu jirgin a kan 'yar tirelar da ake jan sa da mota, a bayan gidan mutumin, tsakanin rumbun itace da gonar da aka girbe. Mai jirgin ya fara jero mini abubuwan alfahari: babban inji a baya don gudu, ƙarami a gaba mai batir wanda ake tuƙawa da ƙafa don kada kifi ya ji motsi, da wani allo mai nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. Ina ta gyaɗa kai kamar na san abin da ake faɗa. Baba ya zagaya jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa, ya kara kunne.

"Wanga ai tukunya ce aka miƙe," in ji shi.

Matata ta juyo gare ni. "Baba ya ce tukunya ce."

Na juya ga Bature na ce surukina ya yaba da ƙarfin ƙarfen. Haka muka yi cinikin gaba ɗaya, mu huɗu a tsaye a fili kamar masu miƙa bulo: Baba ya kushe, 'yarsa ta miƙo mini, ni in wanke in goge in miƙa wa mai jirgi. Da aka nuna masa allon nan sai ya ce wanda yake buƙatar talabijin kafin ya san inda kifi yake, gara ya je kasuwa ya saya. Na fassara da cewa ya ce zamani ya ci gaba.

Daga nan Baba ya nemi a kawo ruwa. A garinsu in za a sayi kwalekwale, ba a tambayar mai shi ko yana yoyo. Cika shi ake yi da ruwa a tudu, a zauna a jira, inda ya ɗiga nan ne ƙaryarsa take. Na ji kunyar faɗar wannan, na yi ta kwana-kwana. Ga mamakina, idon Baturen ya yi haske. Ya cire batura da kansa, ya jawo tiyo ya zura. Baba ya tuɓe babbar riga ya ba 'yarsa, ya kwanta rigingine a ciyawa ƙarƙashin tirela. Mai jirgin, da gwiwoyin nan da ya ce sun mutu, ya rarrafa ya kwanta kusa da shi. Kusan awa guda tsofaffin nan biyu suka yi suna kallon gindin jirgi, babu mai jin yaren wani, sai dai lokaci lokaci ɗaya ya nuna wata ƙusa, ɗayan ya ce "hmm." Ni da zan biya kuɗin ina tsaye da tiyo a hannu, babu wanda ya tuna da ni. Ƙusa biyu suka ɗiga. Baturen ya rage farashi ba tare da na roƙa ba, ya ƙara mana rigunan ceto biyu. A hanyar komawa Baba ya cinye burodin da matata ta taho da shi, duka.

Abu guda ne na ɓoye masa. A tsakiyar jirgin akwai akwati mai murfi da famfo a ciki, wanda ake ajiye kifin da aka kama don ya zauna da rai. Dokar gasar ita ce kifi iri guda ake so, wanda suke kira bas, guda biyar, a kawo su da rai, a auna, a mayar da su ruwa. Na rasa yadda zan gaya wa mutumin da ya ciyar da 'ya'ya tara da kifi cewa za mu wuni a rana mu dawo hannu rabbana da gangan. Na ce wa matata ta gaya masa firji ne.

Jirgin ya fi filin fakin ɗinmu tsawo, hancinsa ya leƙo hanyar masu tafiya a ƙasa, ɗalibai suna zagaye shi. Baba ya bar taga ya koma cikinsa. A nan yake wuni yana ɗaura ƙugiyoyi. Ni kuma na yi lasisin kamun kifi, na yi makonni ina koyon ja da baya da tirela a filin masallaci, inda na zama abin kallon jama'a bayan kowace sallar Juma'a.

Sai ranar gasar, a bakin wani babban tafki mai tafiyar awa guda daga gida, na tuna abin da ya kamata in tuna tun farko. Mutum biyu ake shiga. Matata tana tudu tana ɗaga mana hannu, ni da Baba muna tsakiyar ruwa a cikin tukunya, babu mai miƙa magana. Na fi rabin awa ina ta zagaye wuri ɗaya. Can sai Baba ya dubi babban injin ya yi gyaran murya.

"A gaya wa mai jirgi ya yi dama, wajen itacen can da ya faɗi."

Na dubi injin ni ma. "A gaya wa Baba an ji."

Haka muka wuni, injin nan yana kai saƙo yana kawowa. Ga wata matsalar kuma, kujerar mai tuƙa ƙaramin inji tana can sama a gaba, ba zan zauna bisa kan surukina ba, don haka a durƙushe na yi tuƙin, ina danna abin ƙafa da hannu. Yunwa ta ci ni, abincina yana cikin jaka, ba halin ci. Baba ya ƙi sandar kamun, ya naɗe zare a yatsa, ya rufe talabijin ɗin da hularsa. Yana duban launin ruwa da inda tsuntsaye ke sauka. Kafin azahar ya cika biyar ɗin, har da wata tarwaɗa mai kaurin cinyata wadda ba ta cikin lissafi. Na ji yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ba.

A wurin awo asirina ya tonu. Aka zuba kifinmu a sikeli, aka rubuta, mutane suka tafa, ba mu zo na ɗaya ba amma ba mu ji kunya ba. Sannan wani ma'aikacin gasar ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mana jakar ya nuna ruwa. Matata ta sunkuyar da kai ta yi wa Baba bayani. Na jira faɗa. Na ma shirya karɓar laifi ta bakin inji.

Baba bai yi faɗa ba. Ya karɓi jakar ya gangara bakin ruwa, ya tsuguna, ya riƙa sakin su da hannunsa. Na ƙarshen ya ɗan tsaya a tafinsa kafin ya kaɗa wutsiya ya nutse. Baba ya daɗe yana kallon wurin. Da ya miƙe, bai dubi 'yarsa ba, bai nemi inji ba. Ni ya duba, cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Ɗana, mutanen nan suna da hankali. Sun kama shi, sun auna shi, sun ga lafiyarsa lau, sun mai da shi ruwansu." Ya goge hannu a rigarsa. "Ni an gama auna ni?"

Na rasa inda zan sa idona. Na sayi jirgi sukutum don in riƙe mutumin nan, shi kuwa ga abin da yake so ya faɗa wata tara, bai samu ta inda zai faɗa ba. Matata ta juya baya tana kuka, don ta ji, kuma wannan karon babu abin da za ta maimaita mini.

Bayan wata biyu muka raka shi filin jirgin sama, da maganin shekara guda da lambar wani likita a Yawuri. Tarwaɗar nan kuwa ba mu sake ta ba, tun a daren gasar aka yi farfesunta, Baba ya sa aka zuba mana a kwano ɗaya ni da shi. Jirgin yana nan a ƙofar gida, hancinsa a hanya. Matata takan ce in sayar, nakan ce sai an gyara ƙusoshin nan biyu.